Zurman, idon zakara da burodi: mi ya sa wani furotin ke kisa wani kuma ba ya komai

A cikin ƙwayar alkama da sha'ir, har da masarar da muke banku da dokunu da ita, akwai wani furotin wanda in ka zuba shi kai tsaye kan abin da jikinmu ke ƙera furotin da shi a cikin kwalbar gwaji, ɓarnar da zai yi iri ɗaya ce da ta risin, gubar nan ta ƙwayar zurman da ake jin labarinta a rediyo duk sanda aka kama wani ya aika wa wani babban mutum ita a wasiƙa a Amurka. Wuri ɗaya suke yanka, abu ɗaya suke cirewa. Amma ba a taɓa jin wanda burodi ya kai shi lahira ta wannan hanyar ba, ko da kuwa ya tauna alkamar ɗanye.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata murya da ke ta yawo a Wasap tsakanin Aboabo da Asawase a Kumasi, har ƴan uwa na Nima sun turo min ita daga Ankara, wai man zurman guba ne tsagwaronta kar wanda ya ƙara shafa wa yaro a kai. A gefe guda kuma ga masu tallan magani a cikin trotro, daga Kejetia har ka sauka suna rantsuwa cewa ganye ne, Allah ya halicce shi, ba ya cutarwa ko ka shanye kwalbar. Tunda na yi bayokemistiri, ilimin sinadaran da ke jikin masu rai, a Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, a gidanmu duk irin wannan ni ake turo wa, ko da kuwa tambayar ta likitan haƙori ce. Toh duka biyun ba daidai suke ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina furotin ɗin.

Zurman dai kowa ya san shi ko bai san sunan ba. Shi ne wanda ke fitowa da kanshi a bakin gota da kan bola da gefen tsohon layin dogo, ganye mai faɗi mai yatsu, kara mai ɗan ja-ja, ƴaƴan a cure cikin kwanso mai ƙaya mai laushi. In kwanson ya bushe sai ya tsage gida uku, kowane gida ƙwaya ɗaya, mai sheƙi, ruwan ƙasa da zane-zane, da ɗan farin tsiro a baki. In ka murƙushe ta da dutse cikin fari ne sol, mai maiƙo. A wannan farin ne risin yake.

Furotin sarƙa ce ta ƙananan abubuwa da ake kira amino asid, iri 20 ne, ana jera su ɗaya bayan ɗaya sannan sarƙar ta naɗe kanta ta zama dunƙule mai siffa ta musamman, da loko nan da tudu can. Siffar nan ita ce aikin. In ta warware aikin ya tafi, ko da ko ɗaya daga cikin amino asid ɗin bai ɓata ba. Risin sarƙa biyu ce, ana ce musu A da B. Ta A amino asid 267, ta B 262, kuma abin da ya riƙe su tare ɗauri ɗaya ne tal tsakanin salfa biyu. Masu bincike a Oslo, Sjur Olsnes da Alexander Pihl, su ne suka nuna haka a farkon shekarun 1970, cewa sarƙa biyun aikinsu daban, sannan a 1987 ɗakin binciken Jon Robertus a Texas ya fitar da hoton siffar gaba ɗaya ta hanyar eksire.

Sarƙar A ita ce mai ɓarna. A cikin kowane sel na jikinmu, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jiki da su, akwai ribosom, miliyoyinsu, su ne ke karanta saƙon da ke zuwa daga DNA suna jera amino asid. Shi ribosom yawancin jikin shi RNA ne, wani zare ɗan uwan DNA da aka jera da haruffa, kuma babban zaren RNA ɗin ya kai harafi kusan 5000. A cikin duk waɗannan, harafi ɗaya kawai sarƙar A ke nema, wani mai suna adenin da ke zaune kan wani ɗan lanƙwasa, ta kama shi tsakanin amino asid biyu masu suna tairosin a lamba 80 da 123, ta cizge shi ta bar zaren bai ma tsinke ba. Wani Bajapane Yaeta Endo da abokan aikinshi suka gano wannan a 1987, a ribosom na hantar ɓera, adenin na lamba 4324. Shi kenan fa. Harafi ɗaya cikin kusan dubu biyar, amma daidai wurin ne wasu furotin ke zuwa su dafa su tura ribosom gaba, in babu shi ribosom ya tsaya cak. Kuma ita sarƙar A ba ta ƙarewa a aikin, tana gama da wannan ta wuce na gaba, an auna tana iya lalata wajen 1500 a minti ɗaya. Shi ya sa ake cewa ƙwaya ɗaya tata in ta samu shiga tsakiyar sel tana iya isa ta kashe shi.

In ta samu shiga. Duk zancen a nan yake. Sel yana da bango na maiƙo, furotin babba mai son ruwa ba ya ratsa shi haka kawai. Sarƙar A ita kaɗai sai dai ta yi ta yawo a waje da wuƙarta a hannu ba ƙofa. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, toh sarƙar B ce ɗan garin. Ita ba ta yanka komai, ba ta san ribosom ba, abin da ta iya kawai kama wani sukari mai suna galaktos, tana da loko biyu na kama shi, ɗaya a kowane gefe. Kuma kusan kowane sel na jikinmu bayanshi a lulluɓe yake da furotin da maiƙo masu ɗauke da galaktos a baki, miliyoyi. Sai B ta maƙale a can, shi kuma sel dama kullum yana lanƙwasa bangonshi yana haɗiye abin da ke manne a kai, sai ya haɗiye ta tare da baƙon da ta riƙo.

Na alkama da sha'ir ba su da ɗan gari. Sarƙa ɗaya ce kawai, irin A. Masana suna kiran irin su rukuni na 1, irin risin kuma rukuni na 2, kuma na rukuni na 1 sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin tsirrai. Akwai saforin daga wata ciyawar Turai da ake wanki da saiwarta, akwai gelonin daga wata bishiyar Indiya, mu ma nan muna da su, ƙwayar soso tana da lufin, ƙwayar garafuni da danginshi suna da nasu. In ka gwada su a kan ribosom tsirara wasu ma sun kai risin zafi. In ka zuba su a kan sel mai rai kuwa sai ka ninka adadin sau dubbai kafin ka ga ya mutu. Ba wai ba sa shiga kwata-kwata ba, wasu sel masu yawan haɗiye-haɗiye suna kwasar su, misali sel na mahaifa suna kwasar wani mai suna tirikosantin, shi ya sa a Sin aka daɗe ana amfani da saiwar da yake ciki wajen zubar da ciki. Na masara ma abin ya fi haka, shi ana ajiye shi ne da wani guntun sarƙa a tsakiya da ya toshe shi, sai an yanke guntun yake farkawa.

Bini da zugu ya kamata in tsaya a kai kaɗan saboda shi ne yara suka fi ci, ga shi a shinge ko'ina, kuma lokacin da aka yi ta rububin noma shi don man mota wajajen 2008, har a yankin Agogo, an yi ta cewa yana da guba irin ta zurman. Gaskiya yana da furotin mai suna kursin, amma kursin sarƙa ɗaya ne. Abin da ke sa yaro amai da gudawa in ya ci ƙwayar galibi wasu ƙananan sinadarai ne da ke cikin man, fobol esta, su ba furotin ba ne kuma dafuwa ba ta kashe su da sauƙi. A Meziko akwai irin bini da zugun da ba shi da fobol esta, mutane na soya ƙwayar su ci. Namu na nan ba shi ba ne, kar wani ya gwada.

Mu koma kan risin bayan an haɗiye shi, don nan ne ni abin ke burge ni, Allah na tuba, guba ce amma wallahi tafiyar abin kallo ce. Haɗiyewar ba ta nufin ya shiga. Yana cikin ƴar jaka ce ta bango, ribosom na waje da jakar. Yawancin abin da aka haɗiye ko dai a mayar da shi waje ko a tura shi laisosom inda ake narkar da shara. Ɗan kaɗan ne, wajen kashi 5 cikin 100, ke samun hanyar zuwa Golji. Shi Golji wurin da ake shirya furotin ɗin da sel zai fitar waje ne, hanyar daga ciki take zuwa waje, sai risin ya bi ta baibai, daga Golji ya koma baya zuwa inda ake naɗe sabbin furotin, wanda ake taƙaitawa da ER. An tabbatar da wannan ta hanya mai sauƙi: akwai wani sinadari birefeldin A da ke wargaza Golji, in ka sa wa sel shi tukuna sannan ka zuba risin, a yawancin nau'in sel sai ka ga gubar ba ta kama su ba.

A cikin ER akwai wani furotin, enzayim, da aikinshi kullum shi ne ɗaurawa da kwance ɗaurin salfa na sabbin furotin. Shi ne da hannunshi zai kwance ɗaurin da ya haɗa A da B. Kuma dole ne a kwance, don muddin B na manne, ta rufe bakin lokon da A ke yanka da shi, risin a haɗe ba ya iya taɓa ribosom ko ka ajiye shi a kai. Da an raba su sai wani gefe na A mai maiƙo, wanda da B ke rufewa, ya bayyana, ta ɗan warware, sai ta yi kama da furotin da ya lalace wajen naɗi. Shi kuma ER yana da tsarin shi na irin waɗannan, yana fitar da su ta bango zuwa tsakiyar sel domin a niƙe su. Kaga kenan sel ne da kanshi ya buɗe ya fitar da ita zuwa inda ribosom suke.

Toh mi ya hana a niƙe ta? Kafin a niƙa furotin sai an maƙala mishi alama, wani ƙaramin furotin yubikwitin, kuma alamar a kan amino asid mai suna laisin ake rataye ta. Furotin mai girman sarƙar A bisa al'ada za ka samu laisin goma sha wani abu a jikinshi. Sarƙar A ta risin guda 2 kacal gareta. Babu wurin rataya alama sosai, sai wani kaso ya kuɓuta, ya sake naɗewa, ya fara aiki. Masu bincike a jami'ar Warwick a Ingila sun gwada ƙara mata laisin a jiki ba tare da taɓa lokon yankan ba, a kwalba tana yanka ribosom yadda ta saba, amma a kan sel mai rai ƙarfinta ya faɗi warwas. Ni a ganina wannan gwajin ya fi kowane bayani, wuƙar na nan da kaifinta, abin da ya canja kawai ko za ta iso ko ba za ta iso ba.

Wannan doguwar hanyar ce ta sa gubar ba ta nuna kanta nan take. Georgi Markov, marubucin nan ɗan Bulgeriya da aka harba wa ɗan ƙaramin ƙarfe a cinya a gadar Waterloo ta Landan a watan Satumba 1978, wanda masu bincike suka ce risin ne a ciki, ya wuce wurin aikinshi a ranar, sai da dare zazzaɓi ya rufe shi, bayan kwana 4 ya mutu.

Kar kuma a ɗauka duk mai sarƙa biyu makashi ne. Akwai wasu tsirrai a Turai, dangin Sambucus, da ke da furotin ebulin da nigirin, A da B cif, ɗaurin salfa da komai, sarƙar A ɗinsu na yanka ribosom sosai, amma a kan sel sun fi risin rauni sau ɗaruruwa zuwa dubbai. A ebulin an ga cewa ɗaya daga lokon kama galaktos ɗin ya ɗan canja, amino asid ɗaya ya maye gurbin wani, sai riƙon ya yi sako-sako. Nigirin kuma yana shiga amma yawanci laisosom ake kai shi a narkar. A ɗaya ɓangaren, biyu daga cikin mafi zafi a duk dangin daga Afirka suke, modeksin daga kudancin nahiyar da bolkensin daga Kenya, dukansu daga saiwar tsirran Adenia, su har ta cikin jijiyar laka suke iya tafiya.

Cikin ƙwayar zurman ɗin kanta akwai misali. Wanda ya fara ware gubar, Hermann Stillmark, ɗalibi ne a Dorpat, garin da yau ake kira Tartu a Estoniya, a 1888. Abin da ya gani shi ne in ya zuba ruwan ƙwayar a jini sai jajayen ƙwayoyin jinin su cure wuri ɗaya, sai ya ɗauka ta haka take kisa. An yi shekaru da yawa kafin a gane cewa furotin biyu ne a ciki. Ɗayan risin. Ɗayan kuma ɗan uwanshi ne na kusa ƙwarai, sai dai shi sarƙa huɗu ne, A biyu B biyu a haɗe, shi ne gwanin cure jini saboda yana kama sel biyu a lokaci ɗaya, amma wajen kisa bai kama ƙafar risin ba. Wato wanda ya fi girma kuma ya fi yawan hannu shi ne mai rauni.

Akwai kuma masu B ba A, ɗan gari ba baƙo. Jan waken nan na gwangwani da ake zubawa a salad, in ɗanye ne yana da furotin mai kama sukari a bangon hanji, ba ya shiga ya yanka komai amma manne wa hanjin kawai ya isa ya sa mutum amai cikin ƴan awanni. Tafasa mai kyau na aƙalla minti 10 ke warware shi, ɗumi-ɗumi ba ya yi. Waken da muke waace da ƙosai da shi wani iri ne daban, nashi bai kai haka ba, kuma dama ba wanda ke cin shi ɗanye.

Tambayar da wani ƙanena ya yi min, kuma tambaya ce mai kyau, ita ce ya aka yi zurman bai kashe kanshi ba tunda shi ma yana da ribosom. Amsar ita ma gini ce. Tsiron ba ya ƙera A da B daban, yana ƙera su ne a sarƙa ɗaya doguwa mai amino asid 576, ana tura ta cikin ER tun tana fitowa, kuma tsakanin A da B akwai ɗan guntu mai amino asid 12 da ya ɗaure su. Muddin guntun na nan babu yanka. Sai an kai shi ma'ajiyar da ke cikin ƙwayar, nesa da ribosom, sannan a datse guntun. Ga shi kuma ribosom na tsirrai dama ba su cika jin risin kamar namu ba.

Yanzu zancen mai. Risin furotin ne mai narkewa a ruwa, ba ya bin mai, in aka matse ƙwayar yana zama a cikin tunkuzar, kuma zafin da ake sa wa man a masana'anta yana warware ɗan abin da ya saura. Man zurman na kwalba da ake saya a kemis, wanda yawancin shi daga Indiya yake zuwa don su ne kan gaba a duniya wajen noman shi, babu risin mai aiki a ciki. Gudawar da yake sawa daga wani asid ne na man kanshi, risinolik, kuma wannan ma dalili ne da mai ciki ba za ta sha shi da ka ba, don yana iya tada naƙuda. Inyamurai ma suna daddawa da ƙwayar zurman, ogiri, amma sai sun dafa ta awanni sannan su bar ta ta ruɓa kwanaki. Inda hatsarin yake shi ne ɗanyar ƙwaya da aka tauna, da tunkuzar da ba a dafa ba. An sha samun karnuka sun mutu a ƙasashen waje bayan cin takin da aka yi da ita, toh masu kiwon ragon layya a lungu su kula da abin da ake kawo musu da sunan dusa mai araha. Wani abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda har yau a wasu wurare ake ba mata ƙwayar su haɗiya wai tsarin iyali. Wannan caca ce da rai.

Idon zakara kuma, ja jawur da baƙin ɗigo, shi ne mafi kyau a ido kuma gubar shi abirin ta fi risin zafi, gini iri ɗaya, A da B da ɗaurin salfa. Tonawa a da da shi suke auna garin zinariya mafi ƙanƙanta, suna ce mishi damma, saboda ƙwayoyin kusan nauyinsu ɗaya. Abin da ke ceton mutane shi ne ɓawon, yana da taurin tsiya, in an haɗiye shi bai fashe ba sau da yawa haka yake fita. Matsalar sai an huda shi don a yi abin wuya ko carbi ko a zuba a caki, ko ƙwayar ba ta gama ƙosawa ba. A ƙarshen 2011 sai da aka janye wasu awarwaro da aka yi da shi daga shaguna a Ingila. Da risin da abirin ɗin nan Paul Ehrlich ya yi aiki a Jamus a 1891, yana ba ɓeraye kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samu kariya, ya kuma ga cewa kariyar risin ba ta aiki kan abirin, wato garkuwar jiki siffa take ganewa, duk da aikin gubar biyu ɗaya ne.

A gidan da muke haya an taɓa samun yarinya ƴar shekara uku da idon zakara a baki, ta tsinko daga wani tsohon abin wuya na kakarta. Uwar ta sa yatsa ta zaƙulo biyu, ɗaya lafiya lau ɗaya da ramin allura a tsakiya, yawu ya jiƙa shi har jan ya fara dusashewa. Kafin ka ce mi kakar ta fito da kwalbar manja da cokali.

Na ce, "Mma, dan Allah a ajiye manjan nan, mu tafi asibiti."

Ta ce, "Kai yaro, da manja muka raine ku. Ba ka ga tana wasanta ba? In ba manja toh a kawo madara."

Na ce, "Mma, wasan nan ba shaida ba ne, irin wannan sai an jima yake nunawa."

Sai da mijin ƴarta ya sa baki sannan ta yarda, tana ta mita har muka samu taksi. An riƙe yarinyar an sa mata ido, Allah ya taƙaita ba abin da ya same ta.

Zancen madarar nan akwai abin dariya a ciki, don a kwalbar gwaji gaskiya ne sukarin madara, laktos, yana da galaktos a jikinshi, in ka cika ruwan da shi sai ya toshe lokon B ta kasa kama sel, haka ake yi a lab. Amma a cikin cikin mutum hanji na narkar da laktos ɗin ya tsotse, kuma abin da ya riga ya manne ya shige ba ya dawowa. Manja kuwa ɗura shi ga yaro yana kuka na iya sa ya shaƙe shi zuwa huhu, a samu ciwo na biyu kan na farko. Har yau babu makarin risin ko abirin da aka amince da shi a asibiti, abin da ake yi shi ne gawayin asibiti in an zo da wuri, ƙarin ruwa, da lura da ƙoda da hanta. Saboda girman furotin ɗin hanji ba ya tsotsar shi da yawa, ɓarnar farko a bangon hanjin take, amai da gudawa wani lokaci da jini, kuma rashin ruwa ne ke fara kayar da yaro. Yawancin waɗanda aka kai da wuri suna tashi.

Masu binciken ciwon kansa, wato ciwon daji, sun daɗe da ganin dama a wannan rabon aikin. Tunda A ba ta zaɓar ƙofa, B ce ke zaɓa, sai suka ce a cire B a ɗaura wa A antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki, da ke gane sel masu ciwon kansa kaɗai. Tun shekarun 1980 ake gwadawa a kan masu kansar jini. Abu biyu suka ba da wahala, kuma duka daga siffar A ne. Na farko akwai sukarin tsiro a jikinta da hanta ke ganewa ta kwashe ta daga jini kafin ta isa, sai aka koma cire sukarin. Na biyu akwai wani ɗan wuri mai amino asid uku a gefenta, ba ma lokon yankan ba, da ke lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini har ruwa ya riƙa tsiyaya cikin jiki mutum ya kumbura, wannan shi ya hana a iya ba da adadin da ake so. Ƙungiyar Ellen Vitetta a Dallas ce ta gano wurin, kuma daga nan suka yi wani abu daban, suka canja amino asid biyu kacal a sarƙar A, tairosin na lamba 80 da ke riƙe adenin da kuma wani amino asid daban na lamba 76 a wurin da ke taɓa jijiya. Abin da ya fito siffar shi ta waje ta risin ce, garkuwar jiki na ganin shi ta haɗa antibodi, amma ba ya yanka komai. Sunan shi RiVax, an gwada shi a jikin mutane a matsayin rigakafi, bai dai kai ga shiga kasuwa ba tukuna.

Wanda yaron shi ya tauna ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan, ya kwashe ragowar ko kwanson ko reshen ya ƙulla a leda ya tafi da shi, don likita ya san ko zurman ne ko bini da zugu ko idon zakara, tunda yara duk "gyaɗa" suke ce musu, kuma a faɗa mishi ƙarfe nawa abin ya faru da ko an ga ɓawon a fashe.